Kabarin Janar Patton a Luksamburg: Tambayoyi da Amsoshi

A gefen birnin Luksamburg, a wata unguwa da ake kira Hamm, akwai maƙabartar sojojin Amurka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila. Sama da mutum 5,000 ke kwance a wurin, amma yawancin masu ziyara kabari ɗaya suke fara nema, na Janar George S. Patton. Ga tambayoyin da aka fi yi game da kabarin da kuma mai kabarin.

Me ya kai kabarin janar ɗin Amurka ƙasar Luksamburg?

Sojojinsa ne suka buɗe maƙabartar. A ranar 29 ga Disamba, 1944, ana tsakiyar gwabza faɗa a dazukan Ardennes, wani sashe na Runduna ta Uku, wadda Patton ke jagoranta, ya keɓe wannan fili don binne gawawwakin da ake kwasowa daga bakin daga. Hedikwatar Patton a lokacin tana cikin birnin Luksamburg, tafiyar 'yan mintoci daga wurin. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 24 ga Disamba, 1945, aka kawo shi shi ma a jirgin ƙasa daga Heidelberg ta Jamus, aka sa shi cikin ramin da bai fi na sauran girma ba.

Me aka rubuta a jikin dutsen kabarin?

Layi uku kacal. Na farko sunansa. Na biyu muƙaminsa da rundunarsa: Janar, Runduna ta Uku. Na uku jiharsa, Kalifoniya, da ranar mutuwarsa, 21 ga Disamba, 1945. Gicciye ne na farin dutse mai sulɓi, tsayinsa da faɗinsa daidai da na farabitin da ke kwance a layin baya. Babu jerin garuruwan da ya ci, babu lambobin yabo, babu kirari. Mutumin da a rayuwarsa yake yawo da hular kwano mai ƙyalli da ƙananan bindigogi masu ƙota ta hauren giwa, abin da ya samu ke nan.

Akwai wani abu a layi na biyun da masu ziyara da yawa ba sa lura da shi. Ranar da Patton ya mutu, ba shi ne kwamandan Runduna ta Uku ba. Tun watan Oktoba aka karɓe ta daga hannunsa, aka tura shi Runduna ta Goma Sha Biyar, wadda rundunar takarda ce kawai: 'yan hafsoshi da akawuna masu tattara tarihin yaƙin. Dutsen ya mayar masa da abin da hukuma ta ƙwace. A ganina, in akwai wata karramawa ta musamman da aka yi masa a jikin gicciyen, to waɗannan kalmomi biyun ne.

Me ya hana a kai gawarsa gida?

A 1945 gwamnatin Amurka ba ta fara mayar da gawar sojojinta gida ba tukuna. Duk wanda ya mutu a Turai, a Turai ake binne shi, sai a 1947 aka soma kwaso gawawwakin waɗanda iyalansu suka nema. Da an ɗauki Patton shi kaɗai a jirgi an kai Amurka, da iyayen dubban yaran da suka mutu ƙarƙashinsa sun tambayi dalili. Matarsa Beatrice, wadda ta taso daga Amurka ta zauna a gefen gadonsa har ya cika, ta amince a binne shi cikin mutanensa, kuma ita ta zaɓi Luksamburg. Ko da aka buɗe ƙofar mayar da gawa daga baya, iyalin ba su nemi a tono shi ba.

To idan babu babba babu yaro a maƙabartar, me ya sa kabarinsa yake gaba shi kaɗai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a yi. Dokar maƙabartun sojojin Amurka na ƙetare ita ce ba a ware hafsa daga ƙaramin soja. Kanal na iya kwantawa kusa da kuku, kuma da farko haka aka yi wa Patton: cikin layi, soja a damansa, soja a hagunsa.

Sai jama'a suka yi ta tururuwa. Mutanen Luksamburg, sojojin da ba su koma gida ba tukuna, baƙi daga Beljiyam da Faransa, kowa sai ya ratsa ta kan kaburburan wasu kafin ya isa nasa. Ciyawa ta mutu, ƙasa ta zama taɓo, ana tattake makwancin bayin Allah waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. A 1947 aka tono shi aka matsar da shi saman filin. Yanzu yana tsakanin dogayen sandunan tuta guda biyu, a ɗan keɓe, yana fuskantar sahun fararen duwatsun da suka gangara ƙasa a lanƙwashe.

Masu kula da wurin kan ce dole ce ta sa, kuma gaskiya ne. Amma duk wanda ya ga hoton wurin ya san abin da ido ke gani: kwamanda tsaye a gaban fareti. An kiyaye dokar a girman dutsen, an karya ta a wurin da aka kafa shi. Wanda ya san halin Patton zai ce da an tambaye shi, da bai yi gardama ba.

Wane ne Patton kafin yaƙin?

An haife shi ranar 11 ga Nuwamba, 1885, a San Gabriel ta jihar Kalifoniya, cikin gidan masu hali da suka gaji aikin soja. Kakansa ya mutu a yaƙin basasar Amurka yana yi wa 'yan Kudu faɗa. Karatu ya ba shi wuya, har sai da ya maimaita shekarar farko a makarantar hafsoshi ta West Point saboda lissafi, ya fita a 1909. A 1912 ya wakilci Amurka a wasannin Olamfik na Stockholm, a gasar da ta haɗa harbi, iyo, wasan takobi, sukuwa da gudu, ya zo na biyar. A 1916 ya bi Janar John Pershing zuwa Meziko farautar madugun 'yan tawaye Pancho Villa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin hafsoshin Amurka na farko da suka koyi aiki da tankar yaƙi, kuma harsashi ya same shi a cinya a Satumban 1918.

Akwai tabo guda daga wancan zamanin. A 1932 yana cikin waɗanda suka jagoranci sojan doki aka tarwatsa tsofaffin sojoji da suka yi zaman dirshan a Washington suna neman haƙƙinsu.

Ya taɓa yin yaƙi a Afirka?

Ta nan ya shiga Yaƙin Hitila. A Nuwamban 1942 ya sauke sojojin Amurka a gaɓar tekun Maroko, a Safi da Fedala da wajen Port Lyautey, cikin 'yan kwanaki Kasabalanka ta miƙa wuya. Waɗanda ya yaƙa a can sojojin Faransa ne masu biyayya ga gwamnatin Vichy, wadda ke haɗa kai da Jamus. Sarkin Maroko, Muhammadu na Biyar, ya ba shi lambar girma. A Maris na 1943, bayan Jamusawa sun yi wa Amurkawa kaca-kaca a mashigar Kasserine ta Tunisiya, aka ba shi ragowar rundunar ya gyara. Ya shiga cin tarar duk wanda ya gani ba hular kwano ko ba lakataye, sojoji suka tsane shi, amma cikin makonni suka tsaya da ƙafarsu a El Guettar. Yawancin Amurkawan da suka mutu a wannan fage kuma ba a mayar da su gida ba suna maƙabartar Carthage kusa da birnin Tunis, wadda ita kaɗai ce irinta a nahiyar Afirka.

Me ya yi wa mutanen Luksamburg da har yau suke kai masa furanni?

Jamus ta mamaye ƙasar a Mayun 1940, daga baya ta haɗiye ta, ta tilasta wa samarinta shiga sojan Hitila. Amurkawa sun 'yantar da ita a Satumban 1944, mutane suka ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Ranar 16 ga Disamba, cikin hazo da dusar ƙanƙara, Jamusawa suka dawo da dukkan ƙarfin da ya rage musu, suka ɓarke layin Amurkawa a arewacin Luksamburg da gabashin Beljiyam, suka yi wa garin Bastogne ƙawanya da sojojin lema na Amurka a ciki.

A lokacin rundunar Patton tana can kudu, fuskarta gabas, tana shirin kutsawa yankin Saar na Jamus. Ranar 19 ga wata Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, ya tara manyan kwamandoji a Verdun ta Faransa, ya tambayi Patton yaushe zai iya kai ɗauki arewa. Patton ya ce cikin kwana biyu zuwa uku, da rukunin sojoji uku. Wasu a ɗakin suka ɗauka cika baki ne irin nasa. Abin da ba su sani ba shi ne hafsan leƙen asirinsa, Kanal Oscar Koch, ya riga ya hango Jamusawa na tara ƙarfi a can, kuma Patton ya bar wa hafsoshinsa tsare-tsare a shirye kafin ya taho taron. Waya kawai ya buga.

Juya runduna ba kamar juya mota ba ne. Dubban motoci, igwa, man fetur, abinci, asibitocin tafi-da-gidanka, wayoyin sadarwa, duk sai an karkatar da su a kan 'yan siraran hanyoyi masu santsin ƙanƙara, cikin dare, wani lokaci ba fitila. Ranar 22 ga wata suka fara kai hari. Ranar 26 tankokinsa na farko suka shiga Bastogne. Masana tarihin soja da dama, har da waɗanda ba sa ƙaunarsa, suna ɗaukar wannan a matsayin aikinsa mafi girma.

A cikin watan nan ne aka rarraba wa sojojinsa wata 'yar takarda mai ɗauke da addu'ar neman sama ta washe, wadda ya sa limamin rundunar, James O'Neill, ya rubuta. An buga kusan kwafi 250,000. Ranar 23 gari ya waye tangaran, jiragen yaƙi suka tashi, Patton kuwa ya ba limamin lambar yabo.

Faɗan bai ƙare ba sai ƙarshen Janairun 1945, kuma ya ci rayukan Amurkawa kusan 19,000. Da yawa cikin masu kwance a Hamm a nan suka faɗi, wasu kuma a turmutsitsin ƙetara koguna zuwa cikin Jamus bayan haka. Shi ya sa a garin Ettelbruck akwai gunkinsa riƙe da tabaron hangen nesa, da gidan tarihi mai sunansa.

Da gaske ne ya mari sojoji marasa lafiya?

Da gaske ne, har sau biyu, a Sisili cikin Agustan 1943. Ya shiga tantunan asibiti yana gaida masu rauni, ya tarar da soja ba jini ba karaya, aka ce masa firgicin yaƙi ne ya kwantar da shi. Ya kira shi matsoraci, ya kwaɗa masa mari. Na farkon, Charles Kuhl, an gano daga baya zazzaɓin cizon sauro da atini ke damunsa. Mako guda bayan haka ya sake yi wa wani, Paul Bennett, har da zaro bindiga. Eisenhower ya tilasta masa ya nemi gafara. Da labarin ya fasu a Amurka a watan Nuwamba, aka yi ca a kansa, ya shafe kusan shekara ba a ba shi runduna a fagen daga ba.

Ko zaman benci sai da aka ci moriyarsa. Aka naɗa shi shugaban wata rundunar bogi a kudu maso gabashin Ingila, mai saƙonnin rediyo na ƙarya da jiragen ruwa na kwaikwayo, don Jamusawa su zaci ta garin Calais za a ƙetaro teku a shiga Faransa. Sai ranar 1 ga Agusta, 1944, Runduna ta Uku ta fara aiki a Faransa, ta yi ta gudu gabas har man fetur ya yanke mata.

Ban da marin, akwai wani abin da ake zarginsa da shi?

Akwai, kuma dutsen bai faɗi ko ɗaya ba. A Maris na 1945 ya tura sojoji kusan 300 can bayan layin abokan gaba zuwa sansanin fursunonin yaƙi na Hammelburg, inda ake tsare da mijin 'yarsa, John Waters. Aka murƙushe su, 'yan kaɗan suka dawo da ƙafarsu, sauran an kashe ko an kama. Ya musanta cewa don surukinsa ya yi, amma wasiƙun da ya rubuta wa matarsa sun nuna ya san da zancen.

Bayan yaƙi aka ba shi gwamnan soja na yankin Bavaria a Jamus, aikin da ba ya so kuma bai iya ba. Ya ƙi sallamar tsofaffin 'yan Nazi daga ofisoshi yadda aka umarta, ya kuma faɗa wa 'yan jarida maganar da ta kwatanta shiga jam'iyyar Nazi da shiga jam'iyyun siyasar Amurka. Wannan ce ta ci kujerarsa. Abin da ya fi muni yana cikin littafin da yake rubuta sirrinsa: kalaman ƙasƙanci a kan Yahudawan da suka tsira daga sansanonin mutuwa, daga bakin mutumin da ya ga sansanin Ohrdruf da idonsa a Afrilun 1945 har ya yi amai.

Yaya ya mutu? Wai kashe shi aka yi?

Ranar Lahadi 9 ga Disamba, 1945, ana gobe zai tafi hutu Amurka, ya fita farautar tsuntsaye da shugaban ma'aikatansa, Janar Hobart Gay. Kusa da Mannheim wata babbar motar soja ta karyo gabansu, Cadillac ɗin da suke ciki ta buga mata. Ba wani gudu ake yi ba. Direba da Gay ko ƙwarzane na kirki ba su samu ba. Patton, da ke zaune a baya, kansa ya daki gilashin da ya raba gaba da baya, wuyansa ya karye, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Ya yi kwana 12 a asibitin soja na Heidelberg, huhu da zuciya suka gaza, ya mutu yana da shekara 60.

Zancen kisa ya samo asali ne daga yadda yake zagin Rasha a fili yana cewa a afka mata tun sojoji suna Turai, da kuma cewa ba a yanka gawar an bincika ba. An rubuta littattafai a kai, an sayar da su sosai. Hujja ce dai har yau babu. Wanda ke son kashe janar ba zai dogara da karon da bai ko jikkata sauran fasinjoji ba.

Su wane ne sauran da ke kwance a wurin?

An raba kaburburan gida tara. Mafi yawa gicciye ne, sama da 100 kuma tauraro mai tsini shida na sojoji Yahudawa. Akwai kaburbura 101 na waɗanda ba a gane ko su wane ne ba. Akwai 'yan'uwa na jini, wa da ƙane, har gida 22 da aka binne kafaɗa da kafaɗa. Mace ɗaya ce a duk filin, ma'aikaciyar jinya ta soja, Nancy Leo. A jikin wasu manyan ginshiƙai biyu na dutse an sassaƙa sunayen mutum 371 da ba a ga gawarsu ba, kuma idan aka gano ɗaya daga baya sai a maƙala 'yar alamar tagulla kusa da sunansa. A ɗaya fuskar ginshiƙan akwai taswirorin yaƙin, da kibiyoyi masu nuna inda kowace runduna ta bi. Tarihin aikin Patton da aka hana gicciyensa ɗauka, a nan mai ziyara zai karanta shi.

Akwai baƙaƙen fata a rundunarsa? Sojojinmu fa?

Sojan Amurka na lokacin a rabe yake, baƙi daban farare daban. Bataliyar tankoki ta 761, ta baƙaƙen fata, ta yi yaƙi ƙarƙashin Patton tun daga Nuwamban 1944, kuma yawancin direbobin da suka yi ta jigilar mai da harsashi dare da rana don rundunarsa ta ci gaba da gudu baƙaƙe ne. Ya yi wa 'yan bataliyar jawabin ƙarfafa gwiwa, a rubuce-rubucensa kuma ya raina basirarsu. Duk da haka, cikin masu ɗaukar akwatin gawarsa akwai Saje William George Meeks, baƙar fata, wanda ya shekara da shekaru yana yi masa hidima.

Sojojin Najeriya da na sauran Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila ba su yi aiki da shi ba. Su Habasha da Boma aka kai su.

Jamusawan da suka mutu a faɗan fa?

Suna Sandweiler, ƙasa da kilomita biyu daga nan, sama da mutum 10,000. Amurkawa ne ma suka fara binne su a can. Duwatsunsu gajeru ne masu duhu, sunaye da yawa a jikin kowane ɗaya, kusan rabinsu kuma a kabarin bai-ɗaya suke. Masu ziyara ba su kai na Hamm yawa ba.

Wa ke kula da wurin?

Hukumar gwamnatin Amurka mai kula da maƙabartu da wuraren tunawa da yaƙi a ƙetare, wadda aka kafa a 1923, kuma tsohon ubangidan Patton, Janar Pershing, shi ne shugabanta na farko. Filin ya kai eka 50, kusan kashi biyu cikin uku daji ne da ya kewaye kaburburan. Luksamburg ta ba Amurka amfanin ƙasar kyauta har abada, aka kuma yi bikin buɗe ginin da ake gani yanzu ranar 4 ga Yuli, 1960.

An binne matarsa kusa da shi?

A'a. Maƙabartar ta waɗanda suka mutu a bakin aikin yaƙi ce, ba a sa iyali. Beatrice ta rasu a 1953 tana kan doki wajen farauta, aka ƙone gawarta bisa al'adar wasu Turawa. Iyalin sun ba da labarin cewa bayan 'yan shekaru 'ya'yanta sun zo Hamm da wani ɓangare na tokar, suka barbaɗa a kan kabarin mahaifinsu ba tare da wani biki ba.

Ana iya zuwa ziyara?

Ana iya zuwa, kuma ba a biyan ko sisi. A buɗe take kullum daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma, ban da ranar Kirsimeti da ranar sabuwar shekara. Tana dab da filin jirgin saman Findel, har ƙarar jirage kan katse shirun wurin. Motocin haya na gwamnati a Luksamburg kyauta ne tun 2020, sai dai daga inda bas ke ajiye mutum akwai 'yar tafiyar ƙafa. Daga ƙofa za ka fara cin karo da dogon ɗakin addu'a na farin dutse, sai dandamali, sai tutoci biyun. Kabarin Patton yana tsakaninsu kafin ka gangara cikin sahu. Wanda ke neman wani suna daban sai ya tambaya a ofishin baƙi da ke kusa da ƙofa, ma'aikaci zai duba rajista ya raka shi har wurin.